Dutsen da na kai gida da hannuna

Ni malamin lissafi ne. Na fara da wannan don duk abin da zai biyo baya daga nan ya taso. Mutum ne ni da ya saba a ba shi tambaya ya fitar da amsa, ya ja mata layi biyu a ƙasa, ya wuce ta gaba. Haka na yi wa mutuwar ɗiyata. Na warware ta kamar jimla a allo, na ja layi, na ɗauka an gama. Shekara 11 na yi a haka.

An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Anka, ba nisa da Bagega. Gidanmu gidan noma ne, gero da dawa da ɗan wake. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ban taɓa ganin hawayensa ba. Ranar da ƙyanda ta ɗauke ƙanena, daga maƙabarta ya dawo ya sha ruwa, ya saɓa fartanya ya nufi gona. Ina ɗan shekara tara ina kallonsa, na ce a raina ashe haka namiji yake. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, amma a ranar na haddace darasin.

Na yi karatun koyarwa a Maru, na dawo na kama aiki a firamaren garinmu, na yi aure a 2006. Shekara ta zagayo aka haifa mana ɗiya mace. Ɗiyar fari ce, kuma kowa ya san hukuncin ɗan fari a wurinmu: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban manya, ko ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Na kiyaye wannan kara sosai. Sai dare ya yi, an rufe ƙofa, nake ɗora ta a ƙirjina har ta yi barci. Da bakinta ya buɗe ba ta ce mini Baba ba. Ta ji uwarta da yaran makaranta suna cewa Malam, ita ma sai ta kama. Idan na shigo da yamma, daga zaure nake jin "Malam! Malam!" da ƙarar ɗan takalminta na roba.

A 2009 gwal ya yi kuɗi a kasuwar duniya, iskar ta kaɗo har ƙauyukanmu. Samarin da na kora daga aji saboda sun kasa jimlar rabawa, sai ga su a kan sababbin babura suna yi mini fitila. Ni kuwa albashi ba ya kai mu tsakiyar wata. Muka haɗa kuɗi ni da wani abokina muka sayi injin niƙa, irin dai na niƙan masara. Aikin ba wani sirri a ciki: a haƙo dutse daga rami a zuba a buhu, a farfasa da guduma, a niƙe shi a bushe ya koma gari, a wanke, a zuba zaiba ta kame gwal ɗin, a ƙone ta ta tashi ya rage. Saboda ɓarayi, buhunan a cikin gida ake ajiye su. Mata ma sun samu sana'a, suna daka dutse a turmi ana biyansu, suna shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Wani dutsen yana da ƙyalli kamar kwalli, har mukan ce wannan mai albarka ne. Ƙurarsa tana kan tabarma, tana kan kwanon tuwo, tana kan rigar da nake rungumar yarinyar da ita da dare.

Agwagi ne suka fara mutuwa. Muka ce annobar kaji ce.

Farkon 2010 abin ya koma kan yara. Yau a wannan gida, gobe a wancan. Tawa ta fara da ƙin abinci da ciwon ciki, sai amai, sai ta daina gudu zuwa zaure. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi allura. Aka ce sanƙarau ne tunda lokacin zafi ne. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi aka sha rubutu. Daga nan jijjiga ta fara, idonta ya kafe, haƙora suka datse. Kwana biyu tana yi tana dawowa. A dare na uku, kafin kiran assalatu, ba ta dawo ba. Saura kaɗan ta cika shekara uku.

A hannuna na ɗauke ta zuwa maƙabarta, ba ta kai a sa ta a makara ba. Abin da na yi a can har yau yana ba ni tsoro: tsayawa na yi ina ƙirga ƙananan kaburbura masu ɗanyar ƙasa, ina lissafa kashi nawa ne cikin yaran garin. Idona a bushe ƙamas. Masu ta'aziyya suna fita suna cewa, "Kai, Malam akwai tawakkali." Maganar ta yi mini daɗi. Na riƙe ta kamar takardar shaida.

Bayan 'yan makonni likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa da ake kira MSF da ma'aikatan lafiya suka gano abin da ke faruwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Gubar dalma ce. Dutsen nan mai ƙyalli cike yake da ita, niƙan da muke yi a bushe ya mayar da ita ƙura, yara suna shaƙa suna kuma kai hannu baki. Yara sama da 400 suka tafi a wannan annoba. Muna da ɗa namiji a goye a lokacin, bai kai shekara ba. Da aka auna jininsa, na'urar auna yawan dalma da ake zuwa da ita ƙauye iyakarta lamba 65 ce, nasa ya zarce abin da take iya karantawa, alhali a wancan lokaci ko 10 aka gani hankalin likita tashi yake. Aka kwantar da shi da uwarsa a Anka na makonni, ana ba shi wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke kamo dalmar daga jini ya fitar da ita ta fitsari. Daga baya aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Allah Ya saka wa waɗanda suka yi wannan aiki da alheri. Ɗana ya rayu.

A nan fa na buɗe makarantar bayani, ni ne malami ni ne ɗalibi.

Duk lokacin da wani abu ya taso mini daga ƙirji, sai in tare shi da dalili kafin ya iso maƙogwaro. Ajali ne, ko babu dutse ranarta ba ta wucewa. Ba mu sani ba, wanda bai sani ba kuwa ba a kama shi da laifi. Ba ni kaɗai ba ne, duk garin aka yi. Talauci ne ya tura mu. Ko ban kawo buhu ko ɗaya ba, ƙurar maƙwabta ta isa ta kama ta. Ta tafi ba ta da zunubi, mai ceto ce gare mu ranar gobe. Ku duba da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a cikin waɗannan. Abin da ya sa suka yi mini aiki ke nan tsawon shekaru. Da ƙarya na fake da ita da tuni wani ya fasa ta. Amma wa zai yi jayayya da mutumin da ya ce ajali ne?

Har na zama ɗaya daga cikin masu wayar da kan jama'a, tunda ina jin Turanci ina kuma iya tsayawa gaban mutane. Gida-gida nake bi: kada a shigo da dutse cikin gari, a jiƙa shi kafin a niƙa, a yi wanka a sake tufafi kafin a taɓa yaro, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Sai in yi awa guda ina maganar dalma muryata ba ta ko rawa ba. Ina cewa "yaran da suka rasu" kamar tawa ba ta cikinsu.

Wadda ta sha wuyar wannan tawakkali nawa ita ce mai ɗakina. Ita kuka take yi, na gaskiya, wanda ke zuwa tana tsakiyar tankaɗe. Ni kuma da na ga hawaye sai in gyara zama in fara wa'azi. In jawo aya, in jawo hadisi, in jawo lissafi: ga wance ta rasa biyu, ga wance uku, ke ɗaya ce. Wata rana na ga tana shafa ɗan takalmin robar nan, na ce ta bayar da shi sadaka, ajiye shi yana hana zuciya warkewa. Ta ce to. Daga ranar ba ta sake kuka a gabana ba, na ce alhamdu lillahi ta samu haƙuri. Ban lura ba cewa tare da kukan hira ma ta ɗauke. Magana tsakaninmu ta koma ta cefane da sabulu.

Jikina kuwa bai karɓi bayanin ba. Barci ya ƙaurace mini, ƙarfe uku na dare idona biyu, daidai lokacin da ta cika. Na ce zafi ne, da sanyi ya zo na ce sauro ne. Ƙarar injin niƙa, ko na markaɗen tattasai, sai in ji raina ya ɓaci har in canza hanya. Na ce ni dai ba na son hayaniya. A aji na zama mai saurin hannu, yaro ya yi kuskure kaɗan bulala ta hau shi. Na ce yaran yanzu ba sa ji. Allah Ya ƙara ba mu 'ya'ya mata biyu, kuma kowace ta doshi shekara uku sai in ga ina ja da baya daga gare ta, ba na son ta hau jikina. Wannan ma na samo masa suna: tarbiyya.

Sai 'yan bindiga suka raba mu da ƙauyen gaba ɗaya. Muka fito a 2018 da abin da babur zai iya ɗauka, muka ɗan zauna a Anka, muka ƙarasa Gusau, na kama ɗaki biyu a Tudun Wada na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, amma ni tuni na bar wannan hanya. Gudun hijirar ma ya zo mini da sabon dalili: wanda ke neman abin da iyali za su ci yau, ina ya ga lokacin tuna abin da ya wuce?

Watan Satumba na 2021 ne ya kama ni. Bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun aka rufe makarantu a jihar, aka kuma katse layukan waya, ga kasuwannin mako ma an dakatar da su. Ba aji, ba waya, ba inda za ka. Mutumin da ya shekara goma yana gudu, ga shi an zaunar da shi a tsakar gida da iyalinsa daga safe har dare.

Na ce bari in yi amfani da zaman in gyara wa yaron nan lissafinsa. Shekararsa 12, amma jadawalin sau bakwai ya gagare shi. Mu yi da safe ya riƙe, da la'asar ya zube kamar an zuba ruwa a kwando. Ni fa na san dalili. Da bakina na faɗa wa ɗaruruwan mutane cewa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma maganin yana rage ta a jini ne, ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata. Na sani kamar yadda na san sunana. Duk da haka a rana ta huɗu, da ya ce mini bakwai sau takwas 54, na ɗauke shi da mari har allon ya faɗi, na ce masa daƙiƙi.

Bai yi kuka ba. Ya sunkuya ya ɗauki allon, ya share ƙurar da rigarsa, shatar yatsuna a kumatunsa, ya ce, "Ba komi Baba. Ni ab ban maida hankali ba. Kuma zahi akai, shi as sa kaina ba ya ɗauka."

Ido a bushe, ga dalili biyu a jere. Muryata na ji tana fitowa daga bakin yaro. Na ga mahaifina da fartanyarsa, na ga kaina a maƙabarta ina ƙirga, ga kuma na uku a gabana ya riga ya haddace darasin ba tare da kowa ya koya masa ba.

Uwarsa tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Sai da dare, yara sun kwanta, na fara abin da na saba. Na ce ai yaro sai da tsawatawa, na ce ai zaman gidan ne ya isa kowa. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Malam, shekara goma sha ɗaya kana hwaɗa min dalili. Dalilinka duka gaskiya na. Amma ko so guda ban ji ka ce kana kewar ɗiyag ga ba."

Na buɗe baki in ba da amsa, kamar kullum. Wallahi akwai amsar, a shirye take. Abin da ya fito daban ne. Na ce, "Ni na kawo dutsen."

Ban taɓa faɗar wannan jimla ba, ko a cikin raina ban bari ta kai ƙarshe ba. Kullum kafin ta ƙare sai in liƙa mata "amma". A daren nan na bar ta tsirara. Na jira ta ce mini ba laifinka ba ne, don in samu abin kamawa. Ba ta ce ba. Cewa ta yi, "Na sani. Ni kau ni ad daka shi, ni ash shanya shi inda taka wasa." Ta tashi ta buɗe ƙasan akwatinta ta fito da ƙulli a tsohon ɗankwali. Takalmin ne. Ba ta bayar ba. Ranar da muka gudo, ta bar kwanukan aurenta ta ɗauko shi.

Ba zan iya kwatanta irin kukan da na yi ba, sai dai in ce ba shi da kyan ji. Kukan ƙato ɗan shekara arba'in da wani abu wanda bai san yadda ake yi ba, kamar sa ake yankawa. Har maƙwabcinmu ya buga ƙofa yana salati, ya ɗauka rasuwa aka yi. Mai ɗakina ta leƙa ta ce masa e, rasuwa ce, amma ta daɗe.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya daidaita. Wata biyu da suka biyo baya sun fi shekarun baya wuya. Na faɗa ɗaya ramin: ni na kashe ta, ni na lalata kan ɗana, ban cancanci a kira ni uba ba. Ina ganin wannan shi ne fuskantar gaskiya. Sai daga baya na gane shi ma bayani ne, wata jimla ce da na warware na ja wa layi biyu, amsar ce kawai ta canza daga "ba ruwana" zuwa "duk ni ne". Dukansu hukunci ne, kuma alƙali ba ya kuka, yanke shari'a yake ya tashi. Abin da na kasa shi ne in sauko daga kujerar in zauna a ƙasa a matsayin uban da ɗiyarsa ta mutu, wanda bai sani ba, kuma hannunsa ne ya kawo. Biyun tare, ba wadda ta goge wata.

A cikin wannan hali na je wurin wani dattijo da ke ba mu salla a unguwa, shi ma ɗan gudun hijira ne daga yankin Zurmi. Na tambaye shi ko wannan kuka da ya zo mini a makare ya rushe tawakkalina. Ya tuna mini ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake cikawa a hannunsa, idanunsa suna zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, ya amsa masa cewa wannan rahama ce. Ya tuna mini Annabi Yaƙubu, wanda ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri kuma idanunsa suka yi fari don baƙin ciki. Na ce, Allah gafarta Malam, duk na san waɗannan. Ya ce, "To ɗana, wanda bai bari ya ji zahi ba, haƙurin mi shika yi?"

Ba na zagin dalilan da na riƙe. A makonnin farko su ne suka tsayar da ni a kan ƙafafuna har na binne ɗaya na kai ɗaya asibiti. Da na zube a lokacin, wataƙila da na rasa biyu. Sanda ce, ta yi aikinta. Kuskurena shi ne na ƙi ajiye ta, har na koma dukan mutanen gidana da ita. Kuma duk amsoshina na tambayar "me ya sa" ne, alhali abin da ke ƙirjina ba tambaya yake yi ba. So yake kawai a ce an gan shi.

Yanzu idan abin ya taso, ba na tambayarsa takardar izini. Nakan ce wa kaina, kewa ce, ko kuma, nadama ce, ko tsoro ne. Wani lokaci in faɗa wa mai ɗakina, wani lokaci in faɗa a sujada. Yakan zauna minti goma, yakan kwana. Hawan jinin da ya kama ni tun ban kai arba'in ba yana nan, ina shan magani kullum, likita ya ce dalmar da ni ma na shaƙa tana iya zama cikin sababinsa. Ƙarfe uku na dare har yanzu nakan farka, sai dai na daina ɗora wa sauro.

Yaron kuwa na zaunar da shi na ba shi haƙuri, abin da mahaifina bai taɓa yi mini ba. Na faɗa masa labarin dutsen tun daga farko, na ce ba rashin maida hankali ba ne, ba kuma zafi ba ne. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya tambaye ni ko yayarsa tana kama da shi. Na kai shi wurin wani mai gyaran babur, kuma ga shi hannunsa ya fi kaina. Yana jin ƙarar inji daga nesa ya faɗa maka abin da ke damunsa. Bakwai sau takwas dai har yau sai ya ƙirga da yatsu.

Kabarin ba ma iya zuwa, hanyar ba ta biyuwa, kuma ko an je babu alamar da za a gane shi a cikin sauran. Takalmin ne ya rage, yanzu yana kan kanta a ɗaki, ba a ƙasan akwati ba. Kwanakin baya autarmu ta ɗauko shi tana gwadawa a ƙafarta, ta ce na wane ne. Innata tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, tunda yanzu a wurinmu take. Na ɗauki yarinyar na ɗora a cinya, a gaban Inna, na ce na yayarku ne, na kuma faɗi sunan da ƙarfi yadda kowa zai ji. Na jira faɗan rashin kunya. Inna ta tsayar da carbin, ta daɗe tana dubana, ta ce, "Ashe ka san sunanta."